Rijiyar Bakin Burtali

Tun da kana tambayar inda waɗannan na'urori masu ƙirƙirarriyar basira za su kai ɗan Adam, gyara zama ka ji misalin wani mai haƙar rijiya.

Mutumin nan da dagi a hannu ya tsufa. Yadda ya gada wurin ubansa, in za a yi rijiya sai ya zagaya fili, ya dubi inda ɓaure ya yi lif, ya dubi inda gara ta ɗaga shuri, ya ce a sara nan. Wani lokaci ya dace. Wani lokaci kuwa ya sha zufa a cikin rami har dagi ya yi ƙara a kan dutse, ya fito ya cike ramin, ya bi ta bayan gari don kada ya haɗa ido da matan da suka sa rai. Shekarar da tsohuwar rijiyar garinsu ta ƙafe, ya yi rami bayan rami bai ga ko danshi ba. Mata suka koma zuwa wani rafi mai nisa, su dawo da ruwa ja kamar kunun kanwa, yara na ta ciwon ciki.

Ana haka sai wata ma'aikaciyar ruwa ta zo garin da kwamfuta a jaka. Aka ce na'urar da ke ciki ta nazarci hotunan ƙasar nan da aka ɗauka daga sama, tana iya nuna inda ruwa ya kwanta. Tsoho ya ji, ya naɗe igiyarsa ya rataye, ya ce a ransa abincinsa ya ƙare. Da hantsi sai ga matar a zaurensa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, na'urar ce ke da tambaya, kuma an ce kai kaɗai za ka iya amsawa." Na'ura ta yi masa magana da Hausa. Ta tambaye shi inda ya taɓa haƙa, da inda ya tarar da jar ƙasa, da inda marmara ta tare shi, da inda yashi ya rufto. Ya fara lissafa rijiyoyin da suka ba da ruwa, yana tsallake sauran. Sai ta ce ya faɗi waɗanda suka ƙi ma, don su ne ke nuna yadda dutse ya shimfiɗa a ƙarƙashin gari. Tsoho ya yi dariya har da hawaye. Ramukan da ya daɗe yana jin kunyarsu, yau ga mai nemansu.

Na'ura ta haɗa abin da ta gani daga sama da abin da ya taɓa da hannunsa, ta nuna wuri. Matsalar ita ce wurin ya faɗo daidai bakin burtali, wato hanyar shanu, a kan iyakar gonar wani manomi da rugar wasu makiyaya. Tun wata damina da shanu suka shiga gonar dawa, aka fasa wa wani kai, mutanen nan ko gaisawa ba sa yi. Ma'aikaciya ta roƙi na'ura ta duba wani wurin. Ta duba, ta ce ko'ina dutse ne mai kauri, ruwa mai sauƙin kaiwa yana nan. Batun wanda zai yarda a haƙa kuwa, wannan sai mutanen gari.

Tsoho ya ɗauki sandarsa. Shi ya haƙa wa mahaifin manomin rijiyar gida, kuma shi ya taɓa shiga rami ya ciro ɗan maraƙin ardon rugar, don haka babu ƙofar da za a rufe masa. Ya je ruga, aka dama masa fura da nono, ya sha ya yi hira bai tayar da zancen ba. Ya je gona ya taya manomi tsinke kara. Ya yi ta kai da kawo, yau a ji shi, gobe a juya masa ƙeya, bai yi fushi ba. Da ya ga zukata sun yi laushi sai ya ce wa kowannensu, "Jikokinka da jikokinsa ruwan rafi ɗaya ke sa su kuka." A ƙarshe manomi ya ba da gefen gona, makiyaya suka ɗauki nauyin siminti, aka shirya mata su ja ruwa ta wajen gari, a gina wa shanu wurin sha ta wajen burtali. Samarin ɓangarorin biyu suka riƙa karɓeɓeniyar dagi, tsoho na zaune a bakin rami yana nuna musu yadda ake ɗaure bango. Ranar da guga ya fito da laka mai sanyi, tsoho ya dangwala ya shafa a goshinsa, ya yi godiya ga Allah.

Daga nan bai sake haƙa ramin banza ba. Gari-gari ake zuwa ɗaukarsa tare da ma'aikaciyar, na'ura ta nuna ruwa, shi kuma ya zauna da mutane har su yarda su sha tare. Yakan ce bai taɓa jin daɗin sana'arsa kamar a tsufan nan ba. Ka ga, na'ura ta san abin da bai sani ba, shi kuma ya je inda ba ta iya zuwa, kuma da ɗayansu ya tsaya shi kaɗai da har yau matan garin suna hanyar rafi. Hausawa dai sun riga sun faɗa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.