Samanja a Akwatin Baya

Da hantsi Hayatu ya tura karen cikin akwatin bayan mota, ya ce masa kwanta, ya rufe, ya kakkaɓe hannu kamar wanda ya gama aikin lada.

Motar ta wani Bature mai sayen fatu ce, wanda Hayatu ya yi wa direba shekara bakwai. Ran da zai koma ƙasarsu ya miƙa masa makulli, ya ce da Hausarsa mai fita ta hanci, "Ayatu, mota naka. Samanja kuma naka. Kada ka rufe shi ciki da rana, zai dafu kamar dankali."

Samanja shi ne karen, jibgege, muryarsa kamar ganga. Tun yana kwikwiyo bai taɓa kwana ko'ina ba sai kujerar baya. An ɗaure shi, ya tsinke igiya. An kai shi hayin gulbi, ya riga mai kai shi dawowa.

Hayatu kuwa ba shi da jari sai motar nan. To wa zai sayi motar da kare ya mayar ɗaki? Balle mai zuwa ganinta yau, Malam Siddiƙu falken shanu, mai farar rigar da ko ƙuda ke jin nauyin sauka a kanta. Shi ya sa Hayatu ya wanke kujeru, ya turara su, ya ɓoye mai ɗakin. Ciniki ai ɗan lokaci ne.

Sai Siddiƙu ya makara. Kafin ya iso Ƙofar Atiku, inuwar durumi ta janye daga kan motar, ranar Sakkwato ta tsaya tsakar ka.

Hayatu ya ɗaga murfin inji da sauri. "Malam, duba nan. Injin ga na aiki awa agogo."

"To, to," in ji Siddiƙu, bai ko waiga ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota. Ya buɗe ƙofar baya, ya shinshina kujera, ya yamutsa fuska.

"Turare kas sa?"

"Don girmanka, Malam."

"Hmm. Ƙohohin ga, ana iya cire su?"

Hayatu ya ce ana iyawa, yana mamakin masu arziki. Siddiƙu ya zaro kilishi daga aljihu, ya riƙe bai ci ba, yana zagaya motar da ɗan fito. Da ya buɗe baki ya yi tayi, ko tsohon jaki ya fi haka daraja.

"Haba Malam!"

"Ba haka anka kwatanta min ita ba."

Daga akwatin baya aka fara karta. Hayatu ya ɓarke da tari, ya jingina da murfin akwatin don ya danne ƙarar, ya zabura: ƙarfen ya yi zafin tanda. Ya rage kuɗi. Siddiƙu ya girgiza kai. Ya sake ragewa. Siddiƙu ya duba gabas, ya duba yamma, kamar mai jiran baƙo.

Can sai kartar ta tsaya.

Shirun nan ya fi kartar ƙara a kunnen Hayatu. Ya dubi farar riga, ya dubi murfi, ya ce a ransa jari ya tafi abinsa, ya fizge murfin akwatin.

Samanja na kwance, harshe waje, ido ya juye. Hayatu ya rungumo shi zuwa gindin durumi, ya juye masa garwar ruwan inji kaf, yana fifita da hularsa, yana kiran sunansa har da ban haƙuri. Da ƙyar kunne ɗaya ya motsa. Sannan wutsiya. Sannan aka yi atishawar da ta watsa taɓo ko'ina.

Hayatu bai ɗago ba. "Ka dai gani, Malam. Ɗakin kare ce. Allah shi ba mu alheri."

Da ya waiga, sai ga Siddiƙu gurfane cikin taɓon, farar riga ta zama ja, yana miƙa kilishi da hannu biyu.

"Na saya yadda kaf fara yankewa," in ji shi. "A turo min ita Kalambaina, ƙarƙashin tsamiyar garkena, a cire ƙohohin. Kura ta ci min maruƙa ukku, an ce dodon ga ba shi zama inda babu ɗakinai. Ni da ko keke ban iya ba, mi za ni yi da mota? Shi niz zo saye."