Wa da Ƙane da Macijin Rumbu

Tunda ka ce abokin aikinka ya faɗi abu ɗaya, kai kuma idonka ya ga wani, tsaya in ba ka misali kafin ka yanke masa hukunci.

An yi wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, mahaifinsu ya rasu ya bar musu gandu da wani ƙaton rumbun laka a kan duwatsu, cike da dawa. Ba su raba ba, duk wanda iyalinsa ke bukatar hatsi sai ya kafa tsani ya ɗebo. Wata rana da bazara wan ya je ɗiba, ya sunkuya zai gyara tsani, sai ya hangi maciji naɗe a ƙarƙashin rumbun, baƙi wuluk, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, kaurinsa ya kai damtsen ƙato. Ya ja da baya, ya je ya gaya wa ƙanen, ya ce kowa ya dakata da zuwa wurin sai an samo gardi mai kama macizai, don yana jin kumurci ne. Ƙanen ya ce to, amma maganar ba ta kwanta masa ba. Da hantsi ya zagaya shi kaɗai ya leƙa. Ya ga maciji kuwa, sai dai ruwan toka ne mai roɗi-roɗi, bai fi sandar kiwo kauri ba. Nan take zuciyarsa ta fara saƙe-saƙe: da Yaya ya gani da idonsa, da bai ce baƙi ba, wato sa wani ya yi ya kawo abin ya ajiye, don a tsorata iyalina a riƙa kwasar dawa a ɓoye. Da ya tari wan da maganar, shi ma wan sai tasa zuciyar ta raya masa cewa so ake a mai da shi maƙaryaci a gaban mata, a sami hujjar raba gado.

Daga nan gida ya canza. Wan ya riƙa share gindin rumbu da yamma don ya ga sawun da zai wayi gari a wurin. Ƙanen ya ɗaura zare a murfin rumbun don ya gane in an buɗe. Matar ƙanen kuma ta ce ita mai jaja-jaja ta gani, har aka soma raɗe-raɗin asiri. Tuwon da ake haɗuwa a ci a zaure, kowa ya koma cin nasa a sashensa. Ruwan farko na sauka, ƙanen ya ce a raba. Aka kira dattawan unguwa, aka kwashe dawar, kuma da yake babu wanda ya yarda ɗan'uwansa ya riƙe rumbun, aka sa gatari aka rushe shi. Ana ɗaga duwatsu sai ga su: ga baƙin, ga mai ruwan toka, ga wasu biyu masu jaja-jaja. Masu aikin suka rufe su da duka kafin wani tsohon maharbi da ke cikin dattawan ya ce uffan. Tsohon ya juya gawar babban da ƙafa, ya buɗe bakinta da kara, ya duba, sannan ya ce, "Wannan ba kumurci ba ne, ba shi da dafi. Ɓera yake ci. Duk iri ɗaya ne, suna ƙanana da zane suke, in sun manyanta su yi baƙi. Shekara nawa rabonku da ganin kashin ɓera a dawarku?" Kowa ya zuba rabonsa a buhuna ya kai ɗaki. Kafin marka ta kankama, ɓeraye sun huda buhunan, rabin dawar ya koma dusa da kashi. A lokacin da ya kamata su yi noman maimai a gandunsu, wa da ƙane suka haɗu a gonar wani suna ƙwadago, kunya ɗaya ce tsakaninsu, kowa kansa a sunkuye.

Ka ga, dukansu gaskiya suka faɗa, kuma babu wanda ya ci hatsin ɗan'uwansa. Shi ya sa Hausawa suka ce: rashin sani ya fi dare duhu.