Ɗan Aiken da Ba Ya Karɓar Goro

A zamanin da wasiƙa take da daraja, lokacin da ake ninke ta gida huɗu a liƙe bakin ambulan da ƙaro, an yi wani marini da shuninsa ba ya kama da na kowa. Idan ya tsamo zane daga karofi ya shanya, tun daga hayin rafi mata ke gane nasa. Sirrin a toka yake: itacen da ake ƙonawa, da kwanakin da ganyen baba zai yi a rami kafin a motsa shi. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, sai ya zauna ya rubuta haɗin duka da ajami, don ɗansa da ya buɗe marina a birni. Sai dai mai kula da akwatin wasiƙu na garin surukin abokin hamayyarsa ne, shi kuwa marini ko adireshin ba ya so ya gani. Ana haka wani mai keke, mai farar riga da daɗin gaisuwa, ya ce shi ta hanyar daji yake bi, ba mai ganin abin da ya ɗauko. Marini ya miƙa masa goro biyu, kamar yadda aka saba yi wa ɗan aike. "Haba Baba, ai don Allah nake yi," in ji shi. Marini ya ji sanyi a ransa, ya ce yau ya ga mutumin kirki. Bai tambayi kansa me mutumin nan yake ci ba, ko wa ke saya masa taya.

Wasiƙa ta isa birni lafiya, a liƙe. Amma kafin damina ta fita, kowane karofi a garin ya fara fitar da shuni irin nasa. Ashe akwai teburin mai shayi a mararraba, a nan mai keke yake kara wasiƙun mutane a tururin buta, ya kwafe, ya sake liƙewa, ya kai wa mai saye. Marini ya je gaban dagaci, ya ce a kamo mutumin, a mayar masa da abin da ya gada tun daga kakansa. Dagaci ya tambayi sunan mai keke da garinsu. Ashe marini bai taɓa tambaya ba. Mai akwatin da ya guje wa, bayan ambulan kaɗai zai gani; wanda ya amince wa ya karanta har layin ƙarshe. To, kai da ka sa manhajar VPN ta kyauta a wayarka don kamfanin layi kada ya ga sawunka a intanet, duk inda ka leƙa ta hannun wani yake bi, wanda ba ka san ko sunansa ba. Haƙƙinka ne ya faɗa maka ko shi wane ne, me yake ajiyewa, wa yake miƙa wa. In ya ƙi, cire manhajar yau. Magabata sun riga sun faɗa: banza ba ta kai zomo kasuwa.