Aksil Ɗin Yaya

Na ɗaure noti na ƙarshe.

Ni da Yaya ƙananan jif iri ɗaya muka saya. Tasa tana haye tudun yashin gonarmu kamar akuya, tawa kuwa ta kafe, ana turawa ana dariya. Bakanike ya ce aksil ɗin baya, ƙarfen da ke juya tayoyi, shi ne bambancin. Abin ya tsaya min a rai.

Motocin suna garejin bakaniken, shi kuwa ya tafi biki, na lallaɓa na musanya aksil ɗin da kaina.

Washegari bakaniken ya miƙo min makulli yana murmushi.

"Tun shekaranjiya Yayanka ya sa na ɗaura maka nasa aksil ɗin. Wai ya gaji da ganin ana yi maka dariya. Yana can gindin tudun yana jiranka."