Dishi-dishi a Babban Allo

"Yanzu fa, Baba?" ta tambaya daga ƙarƙashin tebur, wayar allon a hannunta.

"Har yanzu dishi-dishi," in ji mahaifinta daga kan kujera.

Ta san laifinta ne. Ita ta ɗora wa kwamfutarta sabon tsarin gwaji, wanda ba a kammala ba balle a sake shi ga jama'a. Tun daga ranar, babban allon da take jona wa Baba don ya ga jikarsa da ke nesa ya fara gardama, yau ya ɗauke, gobe hoto ya yi ta rawa. Sai suka raba aiki: ita a ƙasa tana canja waya da kafar jonawa, shi a sama yana ba da rahoto.

"Ɗanye aka ba ki," ya tsokane ta. "Ke da shi duk ba ku nuna ba."

Ta fito tana kaɗe gwiwa, ta haƙura za ta mayar da tsohon tsari. Sai ta ɗaga kai.

Ga fuskar jikar tar a allon, har gashin girarta ana gani ɗaya-ɗaya. Baba kuwa ya matso, ya ƙanƙance ido, hancinsa na neman taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallon farin da ya fara rufe masa ƙwayar ido.

"Gaskiyarka, Baba," ta ce, ta dafa kafaɗarsa. "Na san mai gyara. Gobe da safe za ka raka ni, amma allon a gida za mu bar shi."