Ranar da Burodin Noelene Ya Huce

Shekara goma sha tara Merv Tuckwell yana cinye kofin gasar harbi ta garin Burrandilla, har bakinsa ya fi bindigarsa ƙara. Dokar gasar ba wuya: safiyar Yuli, watan hunturu a ƙasarsu, taki ɗari uku, harsashi ɗaya tak daga bututun bindiga mai sanyi. Bindigar Merv da sanyi ba ta kuskure, amma da bututun ya ɗan ɗumama, sai ta ɗaga harsashi sama, tafin hannu guda. Kowa ya sani, don shi da kansa ke shelar abin.

Kowa kuma ya san rantsuwarsa: ran da kofin ya kuɓuce masa, zai sayar da tumakinsa ya koma bakin teku kusa da 'yarsu. Cika baki ne kawai. Gonar nan ita ce ransa.

Matarsa Noelene ce ta loda a-kori-kura kamar kullum: jakar bindiga, shayi, da burodin nama na 'yan gasa, wanda takan naɗe a bargo tare da jan bulo biyu daga tanda don kada ya huce. A filin ma ita ta zaro bindigar ta miƙa masa. Ya karɓa da safar hannunsa mai kauri, ya kwanta, ya auna.

Tau!

Harsashi ya bugi saman tsakiyar allon harbi, tafin hannu guda cif. Clarrie Doolan, wanda ya gaji da zama na biyu, ya ɗaga kofi yana washe baki.

"Kai ne, tsohon munafuki!" Merv ya daka masa tsawa. "Ka taɓa min bindiga!"

"Haba tsoho, ido ne ya tafi," in ji Clarrie. "Je ka koyi kamun kifi."

Ranar dai komai ya lalace, har burodin Noelene sai da aka ci shi da sanyi ƙalau. Ta ba da haƙuri, ta ce tsufa ne.

A hanyar gida Merv ya zuba wa titi ido, wallahi abin tausayi. Sai a ƙofa ya yi ajiyar zuciya. "Na rantse gaban mutane, Noelene. Sai teku."

"Je ka huta, ni zan sauke kayan," ta ce, tana shafa kafaɗarsa.

Yana shigewa ta zuge jakar bindiga, ta fito da jan bulo biyu da sauran ɗuminsu, ta ajiye su kusa da akwatunan ƙaura da ta gama shiryawa tun ranar Alhamis.