Baƙon Faifai

Takardar korar injiniya na cikin jakarta lokacin da shugabar gidan rediyon ta tura ƙofar ɗakin na'urori.

Faifan kwamfuta uku na adana shirye-shirye suka saya a kwali ɗaya, sababbi fil. Biyu suna aiki kamar tagwaye, duk abin da ya shiga wannan yana cikin wancan. Na ukun ɗan ko-ta-kwana ne, yana jiran ranar da ɗaya zai faɗi. A makon jiya ta lura tambarinsa daban, lambarsa daban. Tun ranar take bin jakar injiniya da ido.

"Ina faifanmu na uku?" ta tambaye shi.

"Na yi musanye da wani abokin sana'a, Hajiya." Ko ɗagowa bai yi ba.

"Au, da bakinka ma!"

"Matso ki gani."

Fitilu biyu sun yi jajir. Ya nuna ta farko. "Wannan shekaranjiya ya mutu, baƙon da na musanyo ya kwashe komai kafin ɗan'uwansa ya bi shi yau da safe. Rana ɗaya aka ƙera su ukun, da ciwo ɗaya suka zo. Da na bar na ukun, da yanzu zaman makoki muke."

Ta dubi koriyar fitila ɗaya tilo tana ƙyaftawa. Muryoyin shekara talatin na cikin faifan da ke bayan fitilar, har da ta marigayi mahaifinta yana karanta labarai.

Ta zaro takardar korar, ta juya bayan takardar, ta miƙa masa biro.

"Rubuta min inda ake samun wani baƙon."